Filin Turanci: Daga Ina Kuɗin Gidanku Suke Zuwa?

 Wannan makon maganar kuɗi za mu yi, amma kada kowa ya miƙo hannu, ba rabo za a yi ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani aikin gida da Malamar Turanci ta ba ajinmu makonni biyu da suka wuce. Ta ce kowa ya rubuta jimla goma a kan yadda gidansu yake samun kuɗi. Mun ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda babu wanda bai san sana'ar gidansu ba. Ranar da ta dawo mana da littattafanmu sai muka ga jan biro ko'ina, kamar an yanka kaza a kan takardun.

Ta karanta wasu daga cikin jimlolin ba tare da ta faɗi sunayen masu su ba. Mu ma ba za mu faɗa ba, don wasu namu ne, mu 'yan wannan kulob ɗin. Wani ya rubuta "My father wins eighty thousand naira every month." Malama ta tambaya ko mahaifin nasa ɗan caca ne, alhali bawan Allah masinja ne a wani ofis. Wata ta rubuta "My mother eats gain from groundnut oil." Wani kuma ya ce "My brother went to Lagos to find money." Malama ta ce to Allah ya sa ya gano inda aka yar da su.

Mun sha dariya a ranar. Amma da muka zauna a taron kulob sai muka ga abin ya wuce na dariya. Iyayenmu suna fita tun da sassafe suna wahala, mu kuma mun zauna mun rubuta abin da ba shi ne ba a kansu, saboda kalma ɗaya. Shi ya sa muka ɗauki ƙamus ɗin ɗakin karatu, muka koma wurin Malama har sau uku, muka haɗa muku wannan darasi.

Mun gano cewa matsalar daga yadda muke tunani da Hausa take farawa. A Hausa kalmar "ci" tana aiki da yawa. Mutum ya ci riba, ya ci gado, ya ci bashi, ya ci gasa, wani ma ya ci kuɗin mutane. Aikatau ɗaya ne, abin da ya biyo bayansa ne yake nuna ma'anar. Haka ma "samu" da "nema". Turanci ba haka yake ba. Kusan kowace hanyar samun kuɗi tana da nata aikatau, kuma da jin aikatau ɗin mai sauraro ya san ko guminka ne, ko sa'a ce, ko rance, ko kyauta.

Kalmar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce "earn". Ma'anarta samun kuɗi ta hanyar aiki. Idan mahaifinku ya yi aiki aka biya shi, to "He earns eighty thousand naira a month." Ita kuwa "win" ta gasa ce da ƙuri'a da caca. Idan kun zo na ɗaya a gasar kacici-kacici aka ba ku naira 5,000, daidai ne ku ce "We won five thousand naira in the quiz competition." Ku lura, idan abin ya riga ya faru "won" ake cewa, babu wata kalma "winned". Sai "find", wadda ta tsintuwa ce. "I found fifty naira on the road" yana nufin na tsinci naira hamsin a hanya. Wanda ya tafi Legas neman kuɗi aiki ya tafi nema, don haka sai a ce "He went to Lagos to look for work", ko "He went to Lagos to earn a living." Wannan ta biyun ta burge mu, domin ita ce ta fi kusa da abin da muke kira neman abinci.

Batun "eat" kuwa, ku bar shi a kan tuwo. A Turancin kasuwa idan aka ce wani ya yi "chop money" ana nufin ya cinye kuɗin da ba nasa ba. Saboda haka mai rubuta cewa babansa yana "eat money" ya kira shi ɓarawo bai sani ba.

Shi kansa kuɗin da aka biya mutum yana da sunaye. "Salary" shi ne albashi, wanda ake biya wata-wata, kamar na malamanmu da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda. "Wage" shi ne ladan aiki da ake lissafawa da awa ko da yini ko da mako, kamar na lebura a wurin gini ko mai ƙwadago a gona. Sau da yawa da jam'i ake faɗarsa: "The labourers receive their wages every evening." Akwai wuri ɗaya da za ku ji an ce "wage" alhali wata-wata ake biya, wato "minimum wage", abin da ake kira mafi ƙarancin albashi a labaran rediyo. A 2019 an sa shi naira 30,000, sannan a watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da shi naira 70,000. Haka sunan yake, ba a cewa "minimum salary". A ƙamus mun kuma ga cewa "salary" ta samo asali daga Latin, harshen Rumawan da, kuma tana da dangantaka da kalmarsu ta gishiri. Wani ɗan kulob ya ce ai shi ya sa albashi yake narkewa kafin tsakiyar wata.

Wani abu game da albashi: mun saba cewa "He has collected his salary", saboda muna fassara karɓa. A Najeriya kowa zai gane, amma Malama ta ce a rubutu ya fi kyau a ce "He has received his salary" ko "He has been paid."

Yanzu ga inda muka fi daɗewa muna muhawara. Mutum shida a ajinmu sun rubuta "My father is not working." Da Malama ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba a sami uba ko ɗaya da yake zaune a gida ba. Akwai manomi, akwai tela, akwai mai facin taya, akwai mai sayar da hatsi a kasuwa. Abin da ya faru shi ne, a bakinmu idan aka ce wane yana aiki, aikin gwamnati ko na kamfani ake nufi, sauran kuwa sai a ce sana'a. To da aka zo Turanci sai yaran suka ga tunda babu albashi babu "work". Wannan kuskure ne babba. A Turanci duk wanda yake sana'a yana "work", kuma "not working" yana nufin zaman banza ko rashin aikin yi gaba ɗaya. Mu dai a ganinmu wannan ya fi na cacar muni. Mutumin da yake tsugune a rana yana cire tayar babbar mota, a ce ɗansa ya rubuta ba ya komai?

Daidai shi ne a faɗi sana'ar kai tsaye: "My father is a farmer", "My father is a tailor", "My father repairs tyres", "My father sells grain in the market." Idan ana son kalma ɗaya da ta haɗa duk masu cin gashin kansu, ita ce "self-employed". Haka ma iyayenmu mata. Da yawa mun rubuta "My mother is a housewife" muka tsaya a nan, alhali a cikin gidan take soya awara, ko kitso, ko ɗinkin hula, ko kiwon awaki, kuma sau da yawa daga nan kuɗin littafinmu yake fitowa. Me zai hana a ƙara "She makes and sells bean cakes at home", ko "She rears goats"?

Wannan zai yi muku amfani ba a jarrabawa kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa cike fom na makaranta ko na neman tallafin karatu ya ga wurin da aka rubuta "Occupation". Sana'a ake tambaya. Wani fom ɗin kuma zai ce "Source of income". "Income" shi ne duk kuɗin da yake shigowa, ko ta wace hanya, "source" kuma shi ne tushe ko mafari. Wato daga ina kuɗin shigar suke zuwa? Amsar tana iya zama "farming", ko "trading", ko "salary", ko "rent" idan gidan haya gare ku. Idan kun rubuta "nothing" a nan kun faɗi abin da ba gaskiya ba a takardar da kuka sa wa hannu, kuma ranar da aka bincika ku za a kira maƙaryata. A gidajen da yawa ma ku ne masu cike wa iyayenku fom ɗin, don haka nauyin yana kanku.

Ga 'ya'yan 'yan kasuwa akwai kalmomi huɗu da bai kamata a cakuɗa su ba. Mu ɗauki misalin mai ƙosai. Ta kashe naira 6,000 a kan wake da mai da itace da kayan yaji. Wannan shi ne jarinta, wato "capital". Da ta tashi ta ƙirga kuɗin da ke cikin gwangwani ta ga naira 7,500. Wannan shi ne cinikin ranar, wato "sales". Bambancin da ke tsakani, naira 1,500, shi ne riba, wato "profit". Jimlar ita ce "She made a profit of one thousand five hundred naira." Ku lura da aikatau ɗin, "make" ne. Idan kuwa ruwan sama ya hana ciniki ta tashi da naira 5,000 kawai, ta faɗi ke nan: "She made a loss of one thousand naira." A kasuwa za ku ji ana cewa "gain", kuma kalmar Turanci ce ta gaske, amma a darasin kasuwanci "profit" malamai suke so su gani. Kada kuma a haɗa "profit" da "interest". "Interest" shi ne kuɗin ruwa, wato ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi ko banki yake ƙara wa mai ajiya. An ce wani a ajin da ke gabanmu ya taɓa rubuta "water money", to wannan sai dai na mai garuwa.

Sai kuma manyan masu rikita mutane, "borrow" da "lend". A nan muna da labari. A zangon da ya wuce wata 'yar ajinmu ta ranta wa ƙawarta naira 500, ƙawar ta ƙi biya, har ta daina yi mata magana. Sai ta tafi kai ƙara wurin wata malama. Kun san dokar makarantarmu, a ofis ba a Hausa. Ta tsaya ta ce "I borrowed her money last week and now she is not talking to me." Malamar ta dube ta ta ce to ai sai ki biya ta kuɗinta, me kike jira? Ta ƙara da yi mata faɗa a kan cin bashi, a gaban mutane. Yarinyar ta fito tana kuka. Ita ce mai gaskiya, amma da bakinta ta ce ita ce ta karɓi kuɗin. Sai washegari da ta je da wata ta yi mata bayani aka gane, aka kira ƙawar.

Dalilin ruɗanin yana da ban sha'awa. Mu a Hausa abin da muke bambantawa shi ne irin abin da aka bayar. Idan biro ne ko littafi, wanda shi ɗin za a dawo da shi, aro ne. Idan kuɗi ne ko hatsi, wanda za a kashe a biya da wani, rance ne. Amma mai bayarwa da mai karɓa kalma ɗaya suke amfani da ita, ƙarshenta kawai ke canzawa: na ara masa, na ari nasa, na ranta masa, na ranci nasa. Turanci kuwa bai damu da biro ne ko kuɗi ba. Abin da ya dame shi shi ne ina abin ya nufa. Idan yana zuwa wurinka, "borrow". Idan yana barin hannunka, "lend". Dabarar da muke amfani da ita ita ce mu duba ƙaramar kalmar da ke rakiya: "borrow" tana tafiya da "from", "lend" tana tafiya da "to". "I borrowed five hundred naira from her", ni na karɓa. "I lent five hundred naira to her", ko "I lent her five hundred naira", ni na bayar. Kuma "lent" ne, ba "lended" ba. Don haka daga yau a daina "Borrow me your biro". A ce "Lend me your biro", ko "May I borrow your biro?" Kuɗin rancen kansa sunansa "loan".

Ƙanwarsu ita ce "owe". Mu muna cewa ina bin sa bashi, har wani ya fassara "I am following him debt." A Turanci wanda ake bi shi ne yake zuwa farkon jimla: "He owes me five hundred naira", wato ina bin sa. "I owe him five hundred naira", wato yana bi na. A kula da rubutun, domin idan aka canza harafi ɗaya ta zama "own", wadda take nufin mallaka. "He owns me" yana nufin ya mallake ni kamar akuyarsa.

Akwai wasu kalmomin da kun riga kun sani ba ku sani ba, domin Hausa ta are su tuntuni. Fanshon da kakanninmu suke karɓa bayan ritaya shi ne "pension". Garatuti shi ne "gratuity", alawus "allowance", kamashon da ɗan kamasho yake samu a tasha kuma "commission", kuma da ita za a kira la'adar dillali. A nan rubutun kawai za ku koya, kada ku rubuta yadda muke faɗa. Tsofaffin sunayen kuɗi ma haka ne. Kafin a fara amfani da naira da kobo ranar 1 ga Janairu, 1973, fam da sule ake kashewa, daga "pound" da "shilling". Sisi kuma daga "sixpence" ya fito. To idan kakarku ta ce ba ta da ko sisi, Turanci ta yi.

Mu kuma yara daga ina namu suke zuwa? Yawanci ba "earn" muke yi ba, ba mu ake yi. Kuɗin tara da ake ba mu da safe shi ne "pocket money", ko "lunch money" idan na abinci ne kawai. Wani ya rubuta "nine money", wani kuma ya duba ƙamus ya ga tara tana nufin "fine", sai ya rubuta cewa kullum babansa yana ba shi "fine". Goron Sallah da kawu ya ba ku "gift" ne: "My uncle gave me one thousand naira as a Sallah gift." Kalmar "dash" da muke ji a titi, kamar "He dashed me money", Turancin wannan yankin namu ne na Afirka ta Yamma. A ainihin Turancin littafi "dash" tana nufin rugawa da gudu, don haka a jarrabawa "gave" za ku rubuta. Amma idan kuna taya wani tsaron shago ranar Asabar yana sallamarku, ko kuna yi wa maƙwabta ɗiban ruwa ana biyanku, wannan guminku ne, ku rubuta "earn" da ƙarfinku. Abin da kuka tara a asusu kuwa "savings" ne: "I bought these sandals with my savings."

Gado shi ne "inheritance", aikatau ɗinsa "inherit": "My father inherited the farm from his father." Idan yayanku yana aiki a wani gari yana turo kuɗi, ya isa ku ce "My brother sends us money from Port Harcourt."

Kalmomi biyu sun ba mu wahala. Ta farko adashi. Wata ta rubuta "My mother collects money from women every week", abin ya zama kamar mai karɓar haraji, alhali uwar adashi ce. A Najeriya ana cewa "contribution", amma wanda ba ɗan ƙasa ba ba zai gane ba. Malama ta ce a rubuta "My mother runs a savings group", idan kuma ɗauka ta zo kanta, "It is her turn to receive the money." Ta biyu tukwici. Mafi kusa ita ce "tip", amma "tip" na wanda ya yi maka hidima ne, kamar mai kawo abinci a otal, shi kuwa tukwici na wanda ya kawo maka kyauta ko albishir ne. Mun yanke shawarar cewa idan ya zo muku a rubutu ku yi bayaninsa da jimla guda.

Kuskure na ƙarshe kusan duk ajin mun yi shi. A Hausa muna cewa kuɗin sun ƙare, kuɗin suna da yawa, domin asalin kalmar jam'in wuri ce, tun zamanin da ake ciniki da wuri. Sai muka ɗauko wannan muka rubuta "The money are finished" da "many money". A Turanci "money" tana cikin sunayen da ba a ƙirgawa, kamar "water" da "sand". Don haka "The money is finished", "a lot of money", "How much money?" Ita ma naira ba a ƙara mata "s": "fifty naira", ba "fifty nairas" ba.

Ga jimloli biyar da muka tsinto daga littattafanmu, kowacce da ciwonta. Ku gyara su a takarda, ku rubuta ajinku, ku jefa a akwatin kulob da ke ƙofar ɗakin karatu kafin ranar Alhamis.

My aunt wins her salary at the end of the month.
Please borrow me two hundred naira.
My father is not working, he is a carpenter.
The trader ate a big gain yesterday.
I am following my friend three hundred naira and the money are for my mother.

Ta biyar kuskure biyu gare ta. Za mu liƙa sunayen mutum uku na farko da suka gyara duka a fitowa ta gaba, kuma na ɗaya yana da sabon biro. Wannan kam "win" zai yi.